Kafin 'Yata Ta Tafi Jamus

Wata Alhamis ce 'yata ta fari ta dawo daga makaranta da ambulan a hannu, ko takalmi ba ta cire ba ta miƙo mini. Ina zaune a falo ina duba littattafan 'yan ajina, don ni malamar firamare ce a nan Kubwa. Takardar da ke ciki ta ce an zaɓe ta cikin ɗaliban da za su je Jamus musayar karatu na wata biyar. Za ta zauna a gidan wasu mutane, ta riƙa zuwa makarantar garinsu tare da 'yarsu. Shekararta goma sha shida a lokacin. Na san ta rubuta jarrabawar, ni ce ma na cike mata fom, amma ban taɓa sa rai abin zai zo kanmu ba.

Takarda ta biyu jerin abubuwan da za mu tanada ne: fasfo, shaidar haihuwa, rahoton likita tare da katin rigakafi na yarinta, takardar amincewar uwa da uba, sai biza. Masu shirya tafiyar sun ɗauki nauyin jirgi da makaranta. Na manna jerin a jikin firij, na rataye biro kusa da shi.

Maigidana Bazazzagi ne, yana da shagon shadda da atamfa a kasuwar Gudu. Da ya dawo da yamma ya karanta takardun a tsaye, sau biyu. Ba ya kiran sunan yarinyar, kunyar 'yar fari, sai dai ya ce "ita wannan."

"Malama, ita wannan wa zai riƙe ta a can?"

Na ce an rubuta za a haɗa mu da mutanen gidan ta waya.

"To, sai na gan su da idona. Ku ci gaba da sauran, amma hannuna ba zai hau takardar nan ba tukuna."

Bai hana ba, bai kuma yarda ba. Na san halinsa, ban ja maganar ba.

Fasfo bai ba mu wahala ba. Mun bi motar safe tare da ma'aikata masu shiga gari, aka ɗauke ta hoto, ta dangwala yatsu, bayan 'yan makonni muka karɓo. Na ja layi a kan kalmar a jikin firij, har na fara ganin abin da sauƙi.

Katin rigakafi ne ya tsayar da mu. Likitar da za ta cike rahoton, wata mata mai magana a hankali, ta ce makarantar can na son ganin ranakun da aka yi wa yarinyar allurar ƙyanda da ta shan inna da sauransu, kuma ita ba za ta rubuta abin da ba ta gani ba. In babu katin, sai an ɗebi jini an yi gwaji, wasu alluran a sake su daga farko da tazarar makonni a tsakani. Ta duba ranar da za a rufe karɓar takardu, ta ce da wuya lokacin ya isa.

Kwana uku ina birkita gida. Na zazzage akwatunan aurena, na ɗaga katifu, na buɗe fayil ɗin takardun makarantata. Katunan ƙannenta biyu suna nan, nata babu. Yarinyar ta daina cin abinci sosai, tana bi na daga ɗaki zuwa ɗaki. A rana ta huɗu, ina tsakiyar wanke shinkafa, sai na tuna ai ba ni na kai ta allurar ba. Lokacin da na haife ta ina kwalejin horon malamai, na tare da ita wurin mahaifiyata a Sheda, kullum in fita da safe in dawo da yamma. Mahaifiyata ce ke goya ta zuwa asibitin garin.

Na kira ta a waya. Ita Bagwariya ce, manomiya, Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji a magana.

"Mama, kin tuna katin asibitin jikarki? Wani mai ninki, da ake rubuta allura?"

"Takarda yana da yawa a nan. Ni ban iya karanta shi ba. Ki zo ki duba."

Ranar Asabar muka kama hanya ni da 'yata, daga Kubwa zuwa Zuba, daga nan Gwagwalada, sannan muka shiga motar da ta sauke mu a Sheda. Damina ta yi nisa, ko'ina kore. Mun tarar da ita a gonar doya bayan gida tana gyara sandunan da yabanya ke hawa. Ba ta yi sauri ba. Sai da ta wanke hannu, ta ba mu ruwa, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta shiga ɗaki ta jawo wani babban gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado.

A cikinsa akwai leda, a cikin ledar akwai wata ledar. Katin cocinta, hoton mahaifina marigayi da hularsa ta zuwa masallacin Juma'a, sakamakon jarrabawata ta aji uku na firamare da ni kaina na manta da shi. Can ƙasa katin yake, ya yi ruwan ƙasa, gefensa ya ɗan ci, amma kowace allura da ranarta da sa hannun ma'aikaciyar jinya. Na zauna a bakin gado da shi a hannu.

'Yata ce ta karɓa ta duba, sai na ga fuskarta ta canza.

"Mami, ai ba sunana ba ne."

Na karɓa. Ranar haihuwa daidai, sunana a gurbin uwa daidai, amma sunan yarinyar na Gwari ne, wanda kakarta ta raɗa mata tun kafin ranar suna, kuma har yau da shi take kiranta.

"Mama, me ya sa kika ba su wannan sunan?"

"Sun tambaye ni sunan yaro, na faɗa musu sunan da na sani. Ba shi ne ba?"

Ban iya yin fushi ba. A bakinta ai sunan ke nan.

Ranar Litinin na koma wurin likita da katin da fargaba. Ta juya shi gaba da baya, ta ce irin wannan ba sabon abu ba ne a wurinta. In je kotu in yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, in kawo mata, ta haɗa da rahoton. Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta ce da ita za a je.

"Ni na kai shi allura. Ni na riƙe ƙafansa yana kuka. In za a rantse, ni zan rantse."

Haka ta zo kotu a Gwagwalada da zanenta na zuwa coci, ta zauna a benci tana jiran layi. Ma'aikacin ya ce rantsuwar uwa ta isa, amma da ya ga yadda tsohuwar ta gyara zama, sai ya rubuta ta a matsayin shaida. Ta dangwala babban yatsa, ta daɗe tana kallon tawadar ba ta goge ba. Likita ta karɓi takardar, ta ƙara wa yarinyar allura guda da ta ce lokacinta ya yi, ta buga hatimi. A motar komawa gida 'yata ta sayi dafaffiyar masara biyu ta cinye ita kaɗai.

Saura sa hannun uba. An sa mana ranar Lahadi bayan la'asar za mu yi magana da mutanen gidan ta bidiyo. Maigidana ya sa farar shadda da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya rubuta tambayoyinsa a bayan kwalin da ake naɗe yadi, ya ajiye a cinya. A takardar bayanin gidan da aka aiko mana mun riga mun ga mutanen suna da kare, kuma tun ranar da ya gani bai sake maganar tafiyar ba.

Suka bayyana su uku a kan kujera ɗaya: matar, ma'aikaciyar jinya ce, mijinta mai gyaran na'urar ɗumama gidaje, da 'yarsu sa'ar tawa. Turancinsu a hankali yake fita, namu ma haka, sai 'yata ta zama mai cike gurbi. Bayan gaisuwa maigidana ya duba kwalinsa. Kafin ya buɗe baki matar ta ce bari ta zagaya da mu gidan. Ta ɗauki wayar ta hau bene. A ƙasan matakalar akwai wata 'yar ƙofar katako, ta ce mijinta ne ya kafa ta makon da ya wuce, karen ba zai ƙara hawa sama ba, don ta karanta cewa ba a son ya taɓa wurin salla. Ta nuna mana ɗakin da yarinyar za ta zauna, da gado, da teburin karatu. Ta sauko kicin ta ɗaga wata sabuwar tukunya da kasko, ta ce waɗannan naman alade bai taɓa shiga cikinsu ba kuma ba zai shiga ba, akwai wani Baturke mai sayar da naman yanka kusa da wurin aikinta. Sannan ta ce ita ma tana da tambaya: wane ɓangare yarinyar za ta fuskanta in za ta yi salla, don ta san inda za ta matsar da tebur?

"Gabas," in ji maigidana, ko tunani bai yi ba.

"Baba, daga can ba gabas ba ne sosai. Kudu maso gabas ne, na duba."

Ya juyo ya kalle ta, abin da ba ya yawan yi a gaban mutane. Ya sake duba kwalin, na ga yatsansa yana bin layukan har ƙasa. Tambaya ɗaya ta rage masa, wa zai ɗauko ta a filin jirgi. Mijin ya ɗaga hannu ya ce su duka uku.

Da aka kashe wayar sai ya ce, "Malama, ina takardar nan?" Na ciro ta daga fayil, ya ɗora ta a kan gwiwarsa ya sa hannu, ya tashi ya tafi masallaci.

Daga nan shi ya karɓi ragamar shirin. Shi ya raka ta ofishin jakadanci ranar ganawar biza, ya tsaya a waje cikin rana har ta fito. Da bizar ta fito, ya kai mu wurin wani maƙwabcinsa a Gudu mai sayar da gwanjon kayan sanyi. Mutumin ya zazzage dila guda, yana ɗaga riguna masu kauri kamar bargo. 'Yata ta gwada wata baƙa mai hula da tsakar rana, gumi yana zubo mata, mata masu wucewa suna dariya. Ubanta ya ja zif ɗin har wuya, ya sa ta ɗaga hannu, ya ce a kawo wadda ta fi ta girma saboda za ta sa wasu kayan a ciki. Ya kuma yanko shadda mai kyau da atamfa turmi biyu, tsarabar mutanen gidan.

Akwati kilo ashirin da uku aka yarda. Ba mu da sikeli, sai muka ja shi zuwa wurin mai sayar da gas a bakin layinmu, ya ɗora a kan nasa. Ya haura da kusan kilo huɗu. A nan gaban shagon muka buɗe. Kilishin da ƙanwar maigidana ta aiko daga Zariya ya fita, dama an ce ba a shiga da nama. Garin rogo ya fita, takalma biyu suka fita. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa suka zauna. Doya guda da kakarta ta aiko, wai a kai wa matar da za ta riƙe mata jika, ita ma dole ta fita. 'Yata ta ɗauki hotonta a waya ta ce za ta nuna musu, mu kuma muka yi sakwara da ita ranar jajibirin tafiya.

A filin jirgi mun haɗu da sauran ɗaliban da malamar da za ta raka su. Na ba 'yata fayil mai ɗauke da kwafin kowace takarda, na sa ta maimaita mini inda fasfo yake. Ubanta ya yi mata addu'a a taƙaice, ya ce ta riƙe salla, ta taya matar gidan aiki, kada ta jira sai an sa ta. Ta shige tana jan akwati, rigar sanyin a rataye a hannu. Ban yi kuka ba sai a mota, shi ma kaɗan.

Washegari ina aji ina koyar da jam'in suna, wayata ta motsa a cikin jaka. Ba na duba waya a gaban yara, amma ranar na duba. Hoto ne: tana tsaye tsakanin matar da 'yarta, mijin yana riƙe da akwatin. Ƙarƙashinsa ta turo saƙon murya. Na ba yara aikin rubutu, na fita baranda na saurara. Ta ce sun sauka lafiya, an ba ta dankali da kifi, sanyin bai fara ba tukuna, ita kaɗai ce mai babbar riga a duk filin jirgin.

Ina cikin saurare a karo na biyu kiran maigidana ya shigo, hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Kin gani?"

"Na gani."

"Ta ce ta ci abinci?"

"Ta ci. Dankali da kifi."

"To, alhamdulillahi. Ke ma ki nemi abin da za ki ci, tun jiya ban ga kin sa komai a baki ba."

Sai a lokacin na ji yunwa. Da aka tashi tara na je wurin mai abincin bakin makaranta, na ce ta zuba mini shinkafa da wake, ta ƙara mai da yaji.