Ranar da Kwamfutar Kawu Ta Sha Guɗa

Bikin yayata ya matso, kwamfutar shagon Kawu kuma ta ƙi buɗe katin gayyata. A Salaga ne, ƙarshen shekarun casa'in. Kwamfutar tsohuwa ce tukuf, kafin ta tashi ka gama cin sakwara.

Mai gyara ya zo daga Yendi da wani ɗan siririn allo, wai ram, ƙarin ƙwaƙwalwa.

Kawu ya ce, "Malam, in ka sa mata za ta yi gudu?"

"Alhaji, ba za ta koma budurwa ba, amma za ta daina maƙalewa."

Yana sawa katin ya buɗe. Innarmu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, sun zaci an ɗaura auren!

Ku fa, wace tsohuwar na'ura ce ta taɓa fitar da ku kunya?