Rogon da Baba ya kusa ƙonewa

Shekarun baya, tun ina gida ban yi aure ba, mahaifina ya kusa ƙone rogonsa da hannunsa. Irin rogon nan kakanmu ne ya taso da shi daga tsohon garinmu, wanda ruwan dam ɗin Tiga ya shanye. Duk shekara sandarsa ake yanka a sake dasawa, in ya ƙare a gonarmu to ya ƙare ke nan, babu inda za a samo.

Wata damina ganyen ya fara murɗewa, ya yi dabbare-dabbaren rawaya. Maƙwabtan gona suka matsa wa Baba ya tuge ya ƙone, kafin farin ƙuda ya kwashi cutar ya kai musu. Suna da gaskiya, shi ma ya sani. Ya tuge waɗanda suka fi lalacewa, ya ce sauran sai an sauko daga Juma'a. Ni kuwa da ban san komai a rogo ba sai ci da ƙuli, har na tara masa karan hura wuta.

A ranar Juma'ar, ƙanwata mai karatun tsirrai a jami'a ta zo hutu. Ta zaga gonar, ta dawo ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah kafin ka tuge, zo ka ga toho."

Muka je. A wasu tushen, ganyen ƙasa duk ya nakasa, amma sabon toho na sama kore shar, ba tabo.

Ta ce cutar bairos ce. Idan ta shiga, sai ta riƙa ba ganye umarni ya hayayyafa ta. Rogon kuma yakan gane saƙon umarnin nan baƙo ne, ya daddatsa shi ƙanana. Da gutsattsarin yake bin duk saƙon da ya yi kama da su yana rufe masa baki, kamar yadda nake ɗaukar ƙyallen atamfa in je kasuwar Kwanar Dangora neman irinta. Har yakan tura gutsattsarin sama ta jijiyoyinsa, toho ya fito a shirye. Ba ta yi wa Baba alkawari ba, ta ce wata cutar kan rinjayi shuka, kuma ko a mai kyan ganye takan laɓe.

Baba ya daɗe yana shafa ganyen, sannan ya ce, "Ikon Allah. Shi yana can yana faɗa shiru, ni ina shirya masa wuta."

Ya bar masu tsabtataccen toho, ya ƙone sauran. Daga baya ya yanki iri a jikinsu ya dasa nesa da gonakin mutane, yawancinsu suka tashi lafiya.

Har yau abin yana ba ni mamaki, ina kuma jin girman shukar nan da ba ta da baki ba ta da ƙafar gudu. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Rogon yana nan, bana ma 'ya'yana sun ci.