Waƙar da Sita Endale Ba Ta Roƙa Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa rawar Lahadi a gidan Ekwalla da ke unguwar Deido ya san Sita Endale, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai ɗaurin ɗankwali kamar za ta tafi faɗa, wadda ke zama a kujerar da ke jikin teburin DJ, ƙanshin hayaƙin kifi bai gama barin jikinta ba duk da turaren da ta sha. Kwana shida tana gasa kifi a bakin titi. Ranar Lahadi kuwa, da an taso daga coci an ci abinci, sai ta miƙa wa maƙwabciyarta mafici ta taho. Ƙarfe uku ake farawa, bakwai an watse, don yawancin masu zuwa mutane ne da gwiwa ta fara yi musu gardama.

Ba ita ce mai gidan ba, ba kuma wanda ya naɗa ta komai. Amma in kana son a saka waƙa a wurin nan, to dokarta za ka bi. Sai ka gai da DJ Moukoko tukuna, ka tsaya gefe har ya ɗaga abin kunnensa da kansa. Ba a taɓa masa hannu, ba a yi masa ihu a ka, waƙar da aka saka sau ɗaya kuma ta tafi ke nan sai wata Lahadin. Babbar dokar ita ce wadda baƙi ke yi wa dariya: ba wanda ke roƙa wa kansa waƙa. Wani za ka roƙa wa, ka nuna shi da baki, sannan ka koma ka zauna ka jira ko akwai wanda ya damu da kai.

Ita ta ƙirƙiro wannan, shekara ashirin da biyu da suka wuce, ranar da mutane suka yi wa Moukoko rubdugu kowa na cewa tasa za a fara, har ya tattara fayafayansa ya ce ya bar aikin. Endale ta hau kan akwatin lemo ta ce tunda kowa ya iya son kansa, yau a gwada son wani. Aka yi dariya, aka gwada, abin ya zauna. Abin da ba wanda ya sani shi ne, ita mai dokar, shekara goma sha biyar rabon da ta ji tata waƙar a gidan.

Ƙafa take kallo, shi ne sirrinta. Ta ce baki yana ƙarya amma ƙafa ba ta iya ba. Sango Dikoume (Sango kamar a ce Malam ne a yaren garin), tsohon magatakardan tashar jiragen ruwa, zai rantse maka shi ba ya jin komai sai waƙoƙin coci, amma Endale ta ga yadda babban yatsansa ke motsi cikin takalmi in an saka wata waƙar makossa ta 'yan kasuwa mai bakin tsiya. Sai ta tashi ta je ta gai da Moukoko kamar ba tun ɗazu suke tare ba, ta jira, ta raɗa masa. Dattijon ya miƙe yana gunaguni.

"Wace mara kunyar ce ta roƙa min wannan?"

"Zauna mana, Sango, in ba ka so," in ji ta. "Ai ba a ɗaure ka ba."

Ba ya zama. Sai ya rataye sandarsa a hannu ya yi ta juyi har gumi ya jiƙa masa kwala.

Haka ta san ta kowa: wadda ta yi takaba, wadda ɗanta ya sami aiki, miji da matar da suka zo ba sa magana. Ita kuwa kowace waƙa rawa take yi, da mai daɗi da marar daɗi, shi ya sa mutane suka ɗauka duk ɗaya ne a wurinta. In an tuna da ita a roƙa mata wata, ta tashi ta taka ta yi godiya, ta dawo ta zauna, amma ba tata ba ce.

Tata wata tsohuwar makossa ce mai sanyi, wadda ƙaho ke buɗewa shi kaɗai kafin ganga ta shigo. Da ita yayanta Ebongue ya koya mata rawa a tsakar gidansu a Bonaberi tana 'yar shekara bakwai. Yakan ɗora ƙafafunta a kan nasa ya riƙe ta a hammata, ya ce kada ta dubi ƙasa, ƙasa ba inda za ta. Ya girma ya zama matuƙin kwale-kwale, wata damina kogin Wouri ya tafi da shi. Tun daga nan in ƙahon nan ya tashi sai idonta ya cika, ita kuma mace ce da ta fi son a ga tana zagi da a ga tana kuka. Don haka da an saka sai ta fita bayan gida, ta jingina da bangon langa-langa ta saurara har ƙarshe, ta goge fuska ta dawo tana faɗan wai an bar kwalabe a hanya.

Moukoko ma ɗalibinta ne a kallon ƙafa, nan kuwa aka sami matsala. Ya lura sau uku, sau huɗu, duk sanda ya saka faifan ƙafar Sita ƙofa take nufa. Sai ya cire shi ya kai ƙasan kwali, don girmamawa. Da kunnenta ta ji yana gaya wa wani baƙo, "Wannan kam ba ma sakawa, Sita ba ta son ta." In ta ce tana so, ai ta roƙa wa kanta ke nan, a gaban mutanen da ta sha kora su koma kujera saboda laifin nan. Taurin kai dai Allah ya ba ta shi da yawa, har ya yi mata yawa.

Mbango mai kitso ta shigo labarin ne da ƙafar hagu. Ranar da ta fara zuwa, shekara huɗu ke nan, ta ratsa fili da dogon takalmi ta dangwara wa Moukoko waya a hanci.

"Saka min wannan yanzu, sauri nake."

Endale ta kamo ta ta ɗamarar riga ta zaunar da ita a gefenta.

"Ke 'yar nan, a gidanku haka ake faɗa wa mutum? Ko sannu babu?"

"Tanti, ba aikinsa ba ne?"

"Aikinsa ne, ba bawanki ba ne. Ajiye wayar nan. Ga waccan matar mai koren zane, kalli ƙafarta, ki gaya min me take so."

"Ni boka ce?"

"Za ki zama."

Mbango ta kumbura kamar fanke, ta ce ita da gidan tsofaffin nan har abada. Lahadi ta zagayo sai ga ta. Ba a yi wata uku ba ta zama ita ke yi wa Endale kitso duk Asabar ta biyu, suna yi suna faɗa a kan wanda ya fi wani taurin kai.

A bana 'yar Endale da ke aure a Garwa ta haifi tagwaye, ta kuma kafa wa uwar kuka a waya har ta yarda ta koma can gaba ɗaya. Ta bar wa maƙwabciya murhu da wurin zama, ta ɗaure kaya. Ba ta ji zafin rabuwa da titi ba, hayaƙi ya ishe ta. Abu ɗaya ne ya hana ta sukuni: Lahadi ɗaya ta rage mata, kuma tana son ta ji ƙahon nan sau ɗaya a ɗakin da ta tsufa a ciki, da ƙarfi, ba a cikin kanta ba. Ta san jikokinta za su iya nemo mata a waya. Ba shi take so ba. So take wani ya dube ta ya gane, kamar yadda ta yi shekara ashirin da biyu tana gane mutane.

Ranar Asabar tana zaune a tsakanin gwiwoyin Mbango, an kai kitso ƙeya, sai ta ji yatsun sun tsaya.

"Tanti, wai wace waƙa ce wannan da kike yi ta hanci duk sanda na zo ƙeya?"

"Wace waƙa? Numfashi nake yi."

"Numfashi mai amshi?"

"Ke, kitso na zo ko tambaya? Ja hannunki, kina cire min gashi."

Ta koma gida tana jin haushin kanta, don wallahi ba ta san tana yi ba.

Lahadi gidan Ekwalla ya cika har waje. An kawo miyar ndole da soyayyar agada, matan ƙungiyar coci sun yi anko. Kowa yana son ya yi wa Sita kara. Dikoume ya roƙa mata wata mai zafi, ta taka. Matar mai gidan ta roƙa mata wata, ta taka. Har wani direban tasi da ta taɓa kora sau biyu ya je ya gaisa da ladabi ya roƙa mata ta zamani, ta tashi ta girgiza kafaɗa aka yi ta tafi. Tana murmushi tana duban agogon bango. Shida ta wuce, shida da rabi ta wuce. Ta ce a ranta shi ke nan, ita ta dafa, ita za ta ci.

Sai ga Mbango ta taso. Ta zo gaban tebur ta rusuna, ta ce, "Sannu da aiki, Sango Moukoko," ta koma gefe ta harɗe hannu a baya kamar 'yar makaranta. Ya bar ta ta jira, don ya tuna da wayar nan. Da ya ɗaga abin kunne ta ce ba ta san sunan waƙar ba, amma ga yadda take. Ta matsa ta rera masa da muryarta mai kama da ta agwagwa, sannan ta nuna Endale da baki.

Moukoko ya ja da baya.

"Kin haukace? A ranar sallamarta? Wannan ita ce waƙa ɗaya tak da ta tsana. Da na saka take fita."

"In ta fita ina take zuwa?"

"Ina na sani? Ina nan ina aiki."

"To ni shekara huɗu kanta yana hannuna, Sango. Mutum ba ya rera abin da ya tsana har ya manta yana rerawa."

Endale tana jin su sarai, tazarar ba ta fi taku biyu ba. Moukoko ya juyo ya dube ta. Ta ɗaga kai tana nazarin fankar sama kamar yau aka kafa ta.

"Sita?"

"Kada ka dube ni. Ni ban roƙi komai ba."

Moukoko ya durƙusa, da ƙyar, ya jawo kwalin da ke ƙarƙashin tebur, don wannan ba ta cikin kwamfutarsa. Ya zaro faifan ya hure shi, ya goge da gefen rigarsa. Waƙar da ke kai ta ƙare, ɗakin ya yi tsit, aka ji ɗan ƙaran allura.

Da ƙahon ya tashi, ƙafafunta suka miƙe da kansu suka nufi ƙofa, sabo ne na shekaru. Ta yi taku uku ta tsaya a tsakiyar fili. In ta fita yau, Moukoko zai mayar da faifan kwali, kuma ya yi gaskiya. Ta tsaya a nan, hawaye suka zubo a gaban kowa da kowa, a gaban Dikoume da direban tasi da matan coci, ba bangon da za ta jingina. Da ganga ta shigo sai ta ɗaga hannuwa kaɗan, daidai inda ake riƙe yaro, ta fara wani ɗan taku gajere da ba su taɓa gani a wurinta ba, kanta a sama, ba ta dubi ƙasa ko sau ɗaya ba. Mutane suka ja baya suka bar mata filin, har ta kai ƙarshe.

Ta dawo kujerarta tana haki, ta fizgi hankicin Dikoume ba tare da ta tambaya ba. Moukoko ya cire abin kunnen gaba ɗaya ya ajiye, abin da bai taɓa yi ba a bakin aiki. Shi ma idonsa ya yi ja.

"Shekara goma sha biyar, Sita. Kullum kina nan a gefena. Me ya hana ki faɗa?"

"Doka ce."

"Wa ya kafa ta?"

"Wata mahaukaciya mai kifi."

Ya girgiza kai, ya ɗaga allurar ya mayar da ita farkon faifan.

"Moukoko, ba a maimaita waƙa a gidan nan," in ji ta.

"Sai ki kai ƙarata wurin mai dokar. Ki yi sauri, an ce gobe za ta Garwa."

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai ƙahon ya riga ta. Ta miƙa wa Mbango hannu.

"Taso, 'yar nan. Cire dogon takalmin nan, ki ɗora ƙafarki a kan tawa. Kuma kada ki dubi ƙasa."