Hannun Buhu Ya Ƙi Saki

Sana'ar Buhu faɗuwa ce. Wani ya tashi da safe ya nufi ofis, wani kasuwa, shi kuwa ya shafa mai ya tafi inda za a ɗaga shi sama a maka da ƙasa. A kan wannan ya yi aure, a kansa ya haifi 'ya'ya uku, duk da hancinsa ya karkace kamar yana leƙen maƙwabta.

Kokawar da yake yi irin ta dandamali ce mai igiya, wadda tun a ɗakin canza kaya ake gama shirya wa zai ci, wa zai sha kaye. Duk Asabar da yamma ake yi, a wani tsohon gidan silima mai kujerun roba da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole. Wani lokaci a loda dandamalin a babbar mota a zaga garuruwan kusa.

Da can ɗan dako ne a tasha. Wata rana ya zame daga saman mota, ya faɗo tim, ya miƙe ya kaɗe wando. Mai gidan silimar, wanda kowa ke kira Oga, yana tsaye yana kallo.

"Kai, za ka iya maimaita wannan?"

"In da 'yan kallo, ranka ya daɗe."

Tun daga ranar Buhu bai taɓa cin wasa ba. Aikinsa ya sa wasu su zama gwanaye. Ya san yadda ake shimfiɗa baya, a kafe haɓa a ƙirji, tafin hannu ya riga jiki dukan katako, ƙara ta yi yawa ciwo ya yi kaɗan. Ga iya suma. Ido ya juye, ƙafa ta yi ta shure-shure kamar kazar da wuƙa ta ratsa. An taɓa yin wata tsohuwa da ta ɗora hannu a ka tana yi wa iyalinsa ta'aziyya, shi kuwa yana kwance yana tunanin abin da zai ci.

Iyawar tasa ce ta zama matsala, don ba mai gane suman gaske da na wasa. Shi ya sa suka yi wata alama da alƙalin wasa, wanda yayan matarsa ne. In Buhu ya kwanta, alƙali zai durƙusa kamar yana duba numfashi, ya zura yatsu biyu a tafin hannunsa na dama. In Buhu ya matse, lafiya lau, a ci gaba. In hannu ya yi laƙwas, a tsayar da wasa. Shekara da shekaru hannun nan bai taɓa yi musu ƙarya ba.

Da kofin shayi abin ya fara.

"Baban yara, kofin nan naka ne, ba mai ƙwace maka," in ji matarsa, tela ce, ita ke ɗinka masa wandon wasa. "Sake shi in wanke."

Ya yi dariya, ya ce wa hannunsa na dama ya saki. Hannu ya yi kunnen uwar shegu. Sai da ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, sun yi sanyi kamar ba a jikin mutum suke ba. Bayan nan ya riƙe mariƙin ƙofa. Bayan nan ya riƙe hannun autarsu, har yarinyar ta yi ƙara.

A asibiti, likita ya ɗaga hoton wuyansa a hasken taga, ya nuna wani ƙashi da ya goce yana danne jijiya. Duk sanda wuyan ya bugu, hannu zai damƙe da kansa. "Faɗuwa ɗaya marar kyau, ƙafafunka sun yi sallama da kai."

"Likita, ni ban taɓa faɗuwa marar kyau ba."

Likita bai yi dariya ba.

A gida matar ta tsayar da keken ɗinki. "Ka gaya wa Yaya, ko ni in gaya masa."

"Yayanki bakinsa rariya ne. Yau ya ji, gobe Oga ya sallame ni."

Abin da ya riƙe shi kuwa, Oga ya yi masa alkawari. Wannan Asabar zai sha kaye a hannun Tsawa, sabon yaron da ake ji da shi. Ta gaba a yi ramuwa, a bar Buhu ya ci, sau ɗaya a rayuwarsa, 'ya'yansa na zaune a layin gaba. Babban ɗansa har ya daina faɗin sana'ar ubansa a makaranta.

"Asabar biyu kawai, Tela. Daga nan in zauna ina zura miki zare."

Ta dube shi, ta dubi hannun. Duk tunaninsu a kan wuya yake. Ba wanda ya tuna abin da hannun nan ke faɗa wa alƙali.

Ranar wasa zauren ya cika, ana warin zufa da man zafi. A ɗakin canza kaya Tsawa ya rusuna. "Baba, zan bi a hankali."

"Bi a hankali ka kashe mini kasuwa? Ka maka ni, sannan ka hau igiya ka diro a ƙirjina. In ka ga surukina ya gyaɗa kai, taho."

Aka fara. Buhu ya zagi 'yan kallo, suka rama da jifan robar ruwa. Tsawa ya ɗaga shi sama, amma zufa ta sa hannunsa ya zame. Buhu bai sauka a baya ba. Ya ji wani ɗan sauti a wuyansa, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ba zafi. Rashin zafin ne ya ba shi tsoro. Ya ce wa ƙafafunsa su yi shure-shuren da suka saba, suka yi shiru. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito.

Mutane na ihu. "Buhu ya mutu! Yau ma ya mutu!"

Alƙali ya durƙusa, ya zura yatsu. "Kai, suruki, yau ka ƙware," ya raɗa masa.

Buhu yana ji, yana roƙon hannunsa ya yi laƙwas. Hannu ya damƙe gam.

Alƙali ya juya ya gyaɗa wa Tsawa kai. Tsawa ya hau igiya ta sama, ya buɗe hannuwa, zauren ya miƙe tsaye. Alƙali ya yunƙura zai kauce, sai ya ji an riƙe shi.

"Sake ni mana, mahaukaci, zai diro!"

Ya ja, hannu bai saki ba. Buhu bai taɓa riƙe shi haka ba, matsa ɗaya yake yi ya saki. Kuma yatsun sanyi ƙalau. Ya dubi fuskar surukinsa, ya ga idon bai juye ba kamar na wasa. A buɗe yake, yana kallonsa, hawaye na gangarawa cikin kunne.

Tsawa ya riga ya baro igiya.

Alƙali ya kifa a kan Buhu, ya tokare gwiwa da hannu ɗaya. Tsawa ya sauka a gadon bayansa da duk nauyinsa. Haƙarƙarin alƙali biyu suka tafi. 'Yan kallo suka ce ba a taɓa shirya wasa mai daɗin wannan ba, har aka fita da Buhu a kan ƙyauren ƙofa suna tafi.

Likita ya ce da dirar nan ta same shi, da ba ƙafa kaɗai zai rasa ba. Ƙafafun dai sun tafi. Asabar ta gaba aka sa wani ya faɗi a madadinsa, bai iya ba, aka yi masa ihu.

Yanzu Buhu yana zaune a keken guragu a ƙofar shagon matarsa, yana zura mata zare da hagu. Surukinsa kan zo da yamma, yana tafiya a karkace. In ya miƙa hannu su gaisa, sai Buhu ya ɓoye na dama a ƙarƙashin cinya.

"Karɓi hagu, Alƙali. Wancan maƙaryaci ne."