Darasin Farabol a Ƙarƙashin Gada

Shekarar da kogi ya janye har mutane ke ƙetare shi da ƙafa, muna zaune a Talladje, ina ƴar lise, wato babbar sakandare. Ba abin da ya gagare ni kamar lissafi, musamman lanƙwasasshen layin nan da ake kira farabol.

Malaminmu na lissafi, da muke kira Mushe, wani dogo mutumin Maraɗi, ya gaji da zurun da muke yi masa a aji. Wata Alhamis da hantsi ya ce mu same shi a Gaweye, ƙarƙashin gada. Muka tsaya cikin rairayi, inda a da ruwa ke shanye mutum. Ya ajiye Faransanci, ya koma Hausa. Ya ja dogon layi da sanda, ya tsaya a farkon layin, ya ɗauki dutse ya wurga.

"Inda ya tashi da inda ya faɗi, su ne saiwoyi biyu," in ji shi. "Can sama inda ya gaji ya juyo, ƙololuwa ke nan, kuma a tsakiyarsu take."

Na ce, "Mushe, wanda ba shi da saiwa fa?"

Ya zana ƙwarya, bakinta sama, tana lilo bisa layin ba ta taɓa shi ba. Ya zana wata da gindinta ya zauna a kai. "Waccan babu, wannan ɗaya tak."

Ana haka sai ga soja ya gangaro daga gada, bindiga a kafaɗa. Lokacin mulkinsu ne, taron ɗalibai ba abin wasa ba ne.

"Taswirar ina ce wannan?" in ji sojan, yana nuna zanen.

Mushe ya ce, "Shef, darasi ne. Jifa muke aunawa."

Sojan ya daɗe yana duban zanen. Can ya gyara bindigarsa, ya zaɓi dutse, ya wurga. Dutsen ya yi sama sosai, ya faɗo kusa da ƙafarsa. Wata ƙawata ta kasa riƙe dariya, shi ma ya fashe da ita.

"Kwantar da hannu kaɗan, Shef," in ji Mushe.

Jifan sojan na biyu ya wuce na Mushe. Ya koma bakin aikinsa yana murmushi, mu kuma muka yi ta jifa har rana ta take.

Da aka dawo daga hutu aka mayar da Mushe wani gari can gabas, ban ƙara ganinsa ba. Ranar da zai tafi mun raka shi tasha, mu ƴan mata muna kuka, shi yana faɗa mana mu koma gida kafin rana ta yi zafi.