Sunan da Ya Kashe Inna Dije

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Inna Dije, yayar mahaifiyata, kuma sai yau na iya rubuta yadda ta mutu.

Ungozoma ce. Rabin yaran ƙauyenmu ita ta yanke musu cibi. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai tana sayar da daddawa. Wata damina zazzaɓi ya kama 'yar maƙwabcinta, cikin sambatu yarinyar ta ambaci sunanta. Shi ke nan aka ce Inna ta kama mata kurwa. Aka fito da ita tsakar rana, aka tuɓe ta, aka sa ta tsallaka yarinyar sau uku. Yarinyar ta cika da la'asar. Kafin magariba an fasa wa Inna kai da duwatsu, an cinna wa ɗakinta wuta. Kwana tara ta yi a gidanmu na birni kafin ta cika, ba ta cewa komai sai salati da "Wallahi ban ci kowa ba." Mutum shida suka sallace ta.

Yanzu ina Dubai, ina aiki a wani kamfanin rarraba magunguna a Dubai Investments Park. Teburina na kusa da na Helen, wata Baturiya 'yar Scotland. Mun shekara biyu muna cin abincin rana tare kafin ta gaya mini addininta, murya ƙasa-ƙasa, don a ƙasar nan ba a wasa da zancen sihiri. Wicca ake ce masa, addinin zamani ne na masu girmama ƙasa da wata da juyawar shekara. Sunan da suke kiran kansu da shi, in aka mai da shi Hausa, mayu ne. Ta ce duk ƙarshen Oktoba takan kunna kyandir don matan da aka ƙona ko aka rataye a Turai shekaru ɗaruruwa da suka wuce bisa zargin maita. Manyansu na da sun ɗauka waɗancan matan mabiya wani tsohon addini ne. Yanzu da yawansu sun yarda talakawa ne masu zuwa coci, sharri kawai aka yi musu. Duk da haka sun rungumi sunan, wai don kada ya sake kashe kowa.

Ban san lokacin da na ba ta labarin Inna ba. Ta yi hawaye, ta roƙi in ba ta sunan ta sa cikin waɗanda take tunawa. "'Yar'uwarmu ce," in ji ta.

"Ba 'yar'uwarku ba ce, Helen. Da carbi a hannu ta mutu."

Ta ce, "Namu ma da addu'ar coci a baki suka mutu. Ban da mu, wa yake tuna su?"

Ban ba ta sunan ba.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga mace mai ilimi tana kiran kanta mayya da bakinta. Na san za ta yi a'uziyya, ta tofa gefe, sannan ta zuba mata tuwo, don ba ta iya korar baƙo ba. Amma Helen tana ajiye sunan a gida kamar mayafi in za ta fito aiki. Mu kuwa an ce a nono ake shansa. Tana maganar abin kamar tarihi, ni kuwa a bas ɗin komawa masaukina a International City har yau bidiyo yakan shigo mini a waya: wata tsohuwa a tsakiyar taro, an ɗaure ta, masu ɗauka suna dariya. Gari ne kawai yake sakewa.

Na so in ce abin da ya rage na Inna shi ne mutanen da suka faɗo duniya a hannunta. To cikinsu har da waɗanda suka ɗauki dutse.

Watan jiya aka fasa auren 'yar ƙanwata, saura mako uku biki. Dangin ango sun je ƙauye binciken asali. Da na kira mahaifiyata, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ke dai da kike nesa, in 'ya'yanki sun tambaya, ce musu ni kaɗai aka haifa."

Na ce to.