Agogon Da Ke Aljihun Baba

Kafin masu gudu su iso filin wasa, Baba Mai Agogo ya riga ya zagaye shi da ƙafa, yana tsince duwatsu da murafen kwalba daga hanya. Sai ya zuba farar ƙasa a layin ƙarshe, ya kafa kujerarsa da aka ɗaure wa ƙafa da waya, ya rataya agogon auna gudu a wuya. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ba koci ba ne, ba a taɓa kiransa a lasifika ba. Aikinsa ya danna in an tashi, ya danna in an iso, ya faɗi abin da agogo ya ce. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Mu 'yan gudun dogon zango mun san shi da wata ɗabi'a. Duk wanda rayuwa ta zare daga atisaye, targaɗe ne, haihuwa ce, ko sabon aiki, Baba ba ya barinsa ya ɓace. Zai yi ta aike har mutum ya zo, sai ya cire agogon ya rataya masa. "Zauna ka danna mana, idona ya fara yi mini gardama." Idonsa garau yake, kowa ya sani.

Haka ya yi wa Doguwa bara. Abin da ya faru a fili na gani da idona, sauran ita ta ba ni, ta ce in rubuta.

Doguwa ce gwanarmu har ranar da mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Safiyarta ta koma ta asibiti: tura keke, jiran layi, riƙe masa kafaɗa a ɗakin gashin ƙashi. Asabar kaɗai ta rage mata, ita ma a kan kujerar Baba take ƙarewa, da agogo a hannu, tana auna gudun abokiyar gudunta, Tsigi.

Shekara huɗu Tsigi na bayanta, Doguwa ta saba jin numfashinta a ƙeya. Yanzu kowane mako ita da kanta take karanta yadda Tsigi ke rage sakan biyar, sakan bakwai. Tsigi ta wuce ta ɗaga mata hannu, ita kuma ta mayar da murmushin da bai wuce haƙora ba. Ta ji haushin takalman Tsigi. Ta ji haushin dariyarta. Har mahaifin Tsigi ta ji wa haushi, don yana kawo 'yarsa a babur da ƙafafunsa biyu lafiyayyu. In ta koma gida tana murza wa nata mahaifin yatsu, sai kunya ta rufe ta. Asabar ta zagayo, abin ya dawo sabo.

Ranar tantancewa ta zo. Zagaye ashirin da biyar, duk wadda ta gama ƙasa da minti talatin da bakwai za ta tafi babbar gasa, gasar da Doguwa ta yi shekara biyu tana shiri dominta. Tsigi ta shigo zagayen ƙarshe baki buɗe, muna ta ihu. Ƙirjinta ya ƙetare layi. Babban yatsan Doguwa yana kan maɓalli, bai motsa ba. Ɗaya, biyu, uku. Sannan ta danna.

"Nawa?" in ji koci daga nesa, biro a hannu.

Talatin da bakwai da sakan ɗaya. Kafin ta buɗe baki, Baba ya ce, "Koci, ɗan dakata, yarinyar nan ƙishirwa take ji." Ya ja ta bayan tankin ruwa, ya sa hannu a aljihun wando ya fito da wani tsohon agogo mai fasasshen gilashi. Talatin da shida da hamsin da takwas.

Doguwa ta dubi agogon, ta dubi Baba.

"Baba, tun yaushe kake da wannan?"

"Tun ba a haife ki ba, 'yata. Shekarar da gwiwata ta tashi aiki aka ba ni agogo in auna wa abokina. Yatsana ya yi nauyi irin naki na yau. Ranar babu na biyu a aljihun kowa. Bai tafi gasar ba, bai sake gudu ba, har ya rasu yana gaishe ni da fara'a." Ya haɗa mata agogunan biyu a tafin hannu. "Ni ba zan ce komai ba. Ki karanta wa koci wanda za ki iya kwana da shi."

Ta fito, ta tsaya gaban koci. "Talatin da shida da hamsin da takwas. Na wuyana ya makara. Ni na makarar da shi."

Tsigi na kwance a ciyawa tana haki, ta ɗago kai. "Sakan nawa kika ci mini?"

"Uku."

"Uku kacal? Shekara huɗu ina kallon ƙeyarki, da ni ce da goma zan ci. Zo ki ɗaga ni, muguwa."

Kwana biyu Tsigi ba ta ɗauki wayar Doguwa ba duk da wannan barkwancin, amma ta tafi gasar.

Baba bai tsaya nan ba. Ya tambayi Doguwa minti nawa ake yi wa mahaifinta gashi. Ashirin. "To, ashirin ɗin naki ne. Ki riƙa zagaya wurin ajiye motocin asibitin da gudu. Kada ki auna, kada ki gwada da na bara." Ta ce masa kishin fa bai tafi ba. Ya ce, "Wa ya ce zai tafi? Nawa ma yana nan. Kawai ba na ba shi agogo ya riƙe."

Baba, kai ne ka gane cewa wanda ya daina gudu ya fi wanda ke gudu buƙatar a sa masa ido. Kai ne ka zaunar da mu kusa da abin da ke cin ranmu, kana gefe, hannunka a aljihu. Ba ka taɓa ce wa kowa ya yi haƙuri ba, aiki kake ba shi. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi, ya lallaɓa wannan gwiwar. Masu riƙe da filaye da ƙungiyoyi, in ɗanku ya ɓace daga atisaye, ku aika a kira shi, ku ba shi abin riƙewa, ku kuma tsaya kusa.

Jiya Baba ya raba kayansa. Kujerar ya bar wa mai gadi. Agogon wuya ya miƙa wa koci. Na aljihun, wanda kowannenmu ya sa wa rai a ɓoye, Doguwa ya ba. Muka yi mata tafi, muka ce ta cancanta, kuma gaskiya ne. Tafin dai bai yi ƙarfi sosai ba. Baba ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya yi dariya, ya ce mata, "Kin gani? Ba ke kaɗai ke da kishi ba. Kada ki bar shi a gida."